Wa Zai Riƙe Jaririn?

'Yan uwana mata, sau da yawa za ki ji ana cewa boko ne ya sa ma'aikatan mata suke gudun haihuwa. Ni dai ban yarda ba. Yayata malamar asibiti ce, 'ya'yanta biyu, kuma wallahi ban ga mai son yara kamarta ba. Amma da Inna ta tambaye ta yaushe za a yi wa ƙaramin ƙani, cewa ta yi, "Inna, ranar da nake aikin dare wa zai riƙe min shi?"

Da can ai ba a wannan tambayar. Mace ta haihu ta tafi wankan gida, bayan arba'in ta dawo, ga kaka, ga faccala, ga 'yan mata cike da tsakar gida, jariri daga wannan hannu sai wancan. Sana'ar ma a gida take, ana tuyar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula da goyo a baya. Yanzu kuwa an kai ki gidan haya can wata unguwa, daga ke sai maigida, ƙarfe 8 kuma a gan ki a wurin aiki.

Ki duba lissafin ma. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta ba mai jego, shida kafin haihuwa, shida bayanta, kuma ta yarda a biya ta rabin albashi. Likitoci kuma su ce a ba jariri nono zalla har wata 6. To ta yaya? Jihar Kaduna dai ta yi abin kirki a 2019 da ta mayar da hutun ma'aikatanta wata 6. A 2021 gwamnatin tarayya ta ba maza ma'aikatanta kwana 14, ko da yake wani a majalisa zai ƙarar da nasa! Malamar makarantar kuɗi kuwa, wata ko arba'in ba ta yi ba ake aiko mata. Irin wannan in ta ce za ta ba da tazara, sai dangin miji su soma gutsiri-tsoma.

Shi ya sa da wanda zan aura ya ce shi dozin yake so, ban musa masa ba, don ni ma ina son yara. Na dai tambaye shi, in ina kan rubutu kuma biyu suna kuka, wanne zai ɗauka? Ya yi dariya, ya ce zai yi shawara. Sati uku ke nan ina jira.