Kuskuren da ke bayan kuskure

Mai sarrafa matanin Hausa da Python ya saba da saƙon da ke cewa fayil ya ƙi karantuwa. Sau da yawa saƙon nan ɗan aike ne kawai. Tun fitowar Python 3 a 2008, kuskure yakan riƙe wanda ya haife shi a cikin __cause__ ko __context__. Ni dai nakan bi wannan salsala har tushe, kamar yadda muke bin asalin kalma. A can nakan iske ƙ ko ɗ, masu cin bayit 2 a UTF-8, an nemi karanta su da ASCII. Wanda ya tsaya ga saƙon sama yakan share ƙugiya don ya huta, sai ƙasa ta koma kasa, taskar kalmominmu ta gurɓace.