Yawon Duban Ƙwari a Gindin Dutsen Kagoro

Ran wata Asabar a watan Yuni muka tashi da sassafe, mu da 'yan ajinmu, muka nufi gonakin da ke gindin Dutsen Kagoro, kusa da Kafanchan. An kwana ana ruwa, ƙasa sai ƙamshi, hazo kuma ya rufe kan dutsen. Guzurinmu kwalabe ne, da littafin rubutu, da dafaffiyar gyaɗa. Doka ɗaya muka kafa wa yara: kada a kashe kome sai an san ko mene ne.

Tun a bakin hanya muka tarar da fukafukan shinge birjik kusa da wani suri. Daga nan muka soma ƙidayar ƙafafu, gama ita ce mabuɗin sanin waɗannan halittu. Fara da gara da malam-buɗe-littafi ƙafa 6 gare su, jikinsu kuma kashi 3 ne. Gizo-gizo da kunama suna da 8, saboda haka danginsu dabam. Da muka ɗaga wani ruɓaɓɓen itace da sanda, sai ga shanshani ya sheƙa a guje. Ƙafa 2 gare shi a kowace gaɓa, yana kuwa da dafi. Ƙadandoniya tana da 4 a yawancin gaɓoɓinta, ba ta cizo, naɗewa kawai takan yi. Yawancin abincinta ruɓaɓɓen ganye ne.

Can gaba muka iske wani dattijo tsaye cikin masararsa, ransa a ɓace. Bayan gaisuwa ya nuna mana ganyaye duk huji. Nan take wani yaro ya hango ƙoƙi-ƙoƙi a kan kara, ya ɗaga takalmi, ya ce, "Malam, ga ɓarawon!" Muka riƙe hannunsa. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ya cin ganye, ƙwari yake kamawa.

Muka ce, "Baba, ka yarda mu duba cikin masarar?" Ya ce, "Ku duba, 'ya'yana." Muka buɗe tsakiyar wata, inda sabon ganye ke fitowa. Ga kashi kamar dusa, ga tsutsa kwance. A kanta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta kuma ɗigo 4 baƙaƙe, biyu gaba biyu baya. Ita ce tsutsar nan mai cin masara, 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016. Uwarta da dare take yawo, tana saka ƙwai a dunƙule a jikin ganye.

Yara suka bi kunya kunya suna tsince tsutsa, suna murtsuke ƙwai, har rana ta take. Dattijon ya ce dā niyyarsa ya sayar da akuya ya sayi maganin feshi. Muka shawarce shi ya nemi malamin gona tukuna, domin feshin da aka yi da ka yakan kashe ƙudan zuma da rina, alhali rina tana kwashe tsutsa ta kai wa 'ya'yanta.

Iyaye, ba sai kun je Kagoro ba. Ku zaga bayan gida tare da yaranku da safe, ku leƙa cikin masara sau biyu a mako. Ku hana su ɗaga dutse da hannu saboda kunama. Ku koya musu su ƙidaya ƙafa kafin su ɗaga takalmi.