Ɓangaren Faifan Da Bai Kamata In Goge Ba

Na goge wani ɓangare na faifan kwamfutata ba tare da na san aikinsa ba, kuma babu wanda zan ɗora wa laifin sai kaina. Niyyata ita ce in saka Ubuntu a gefen Windows, ta yadda in na kunna zan zaɓi wanda zan shiga. Ana tsakiyar sakawa aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuwa ya daɗe da lalacewa. Da wuta ta dawo Windows ya tashi lafiya lau, amma gurbin da na ware wa Ubuntu ya tsaya rabi da rabi, ga shi ya cinye wuri mai yawa.

Sai na ce bari in share ɓarnar. A Disk Management na ga ɓangarori jere, wasu ba suna ba harafi, domin Windows ba ya karanta tsarin ext4 da Linux ke amfani da shi. Na goge babban da na ware wa Ubuntu, wannan daidai ne. Amma akwai wani ɗan ƙarami mai megabait 100 a farkon faifan, an rubuta EFI a jikinsa. Na ɗauka Ubuntu ne ya bar shi. Na nemi gogewa, na tarar an dusashe wurin dannawar. Na koma diskpart, shi ma ya ƙi. Maimakon in tambayi dalili, sai na tashi na'urar da filashin Ubuntu, na buɗe GParted. Can gefe ina ganin alamar boot da esp a kan layin, amma na danna gogewa, na tabbatar. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Da na sake kunnawa, baƙin allo ne ya tare ni, wai ba a sami abin tashi ba.

A kwamfutocin da ke aiki da UEFI, wannan ɗan ɓangaren mai tsarin FAT32 shi ke riƙe da fayilolin tashin na'ura. Windows na da babban fayil nasa a ciki, Ubuntu ma a nan yake ajiye GRUB, manhajar da ke tashinsa, a wani fayil daban. Wato wuri ɗaya suke tarayya, ni kuma na rushe shi gaba ɗaya don in kori ɗaya.

Wani mai gyara da ya girme ni ya duba, ya ce, "Malam, ka taki sa'a, ba ka rubuta komai a kai ba." Da filashin saka Windows ya tashi kwamfutar, ya danna Shift da F10, ya ƙirƙiri sabon ɓangaren EFI a diskpart, ya tsara shi da FAT32, ya ba shi harafi, sannan ya yi amfani da bcdboot ya kwafo fayilolin tashi. Takarduna duk suna nan. Abin da ya fi girgiza ni shi ne ba ni da kwafinsu a ko'ina. Da babban ɓangaren Windows na taɓa, sai dai a gwada manhajar TestDisk a nemo shi, shi ma ba kullum yake cin nasara ba, musamman idan an riga an rubuta sabon abu a wurin.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. A fara kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifan. A duba girma da tsarin kowane ɓangare, a goge na Linux kaɗai, wato na ext4 da na swap. A bar EFI da ɓangaren farfaɗo da Windows yadda suke. In ana son kawar da ragowar Ubuntu, fayil ɗinsa kawai za a cire daga cikin EFI. Daga nan a faɗaɗa C ya ɗauki filin da ya rage.

Izinar da na ɗauka ita ce, idan na'ura ta hana ni yin abu, akwai dalili, kuma neman wata manhajar da za ta ƙyale ni ba ya kawar da dalilin. Yanzu ba na goge ɓangaren da ba zan iya faɗin aikinsa da bakina ba.