Goro A Firji, Cakulan A Adaka

Mai karatu, ka taɓa zuba wa mutum ido yana wani abu na yau da kullum, ka rasa gane kansa, har ka ji kamar ka tashi ka ce, "Malam, don Allah me ya sa?" Ni kam wannan ciwo ya daɗe tare da ni. Tun ina yaro a Gwarzo nake mamakin mutumin da zai sayi mota, shekara ta zagayo bai cire ledar kujerunta ba, da bazara gumi ya riƙa manne masa riga a baya. Ina mamakin kwanonin jeren amarya, a cika kabad da su, a riƙa goge su, amma har ta yi jika ba a taɓa zuba miya a ko ɗaya ba. Da na zo jami'a sai na tarar abin ya fi na gida. Ga mai tsoma burodi cikin lemon kwalba, ga mai shan shayi da zafinsa da tsakar ranar Afrilu wai don ya ji sanyi, ga kuma wani malaminmu (Allah ya sa bai karanta wannan ba) wanda ba ya fara lacca sai ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur, sa'an nan har a tashi ba zai dube shi ba ko sau ɗaya.

Da can dariya kurum nake yi, in sami abin ba da labari a majalisa. Abin da ya rage mini wannan dariya shi zan faɗa a nan, ko da yake ba ni ne na fita da farin jini a labarin ba.

Da azumin 2023, wanda ya faɗo a tsakiyar zafi, Innarmu ta yi fama da ciwon ƙafa, sai yayana ya ɗauko ta daga Gwarzo ya kawo ta gidansa na Kabo, inda yake aiki, don ta huta. Matarsa, wadda muke kira Anti, haifaffiyar birnin Kano ce, mai tsabta har ta wuce misali. Ni kuwa da yake hanyar Gwarzo ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero ta bi, ta ratsa Janguza da Rimin Gado, duk ƙarshen mako sai in tari mota in je in sha ruwa tare da su.

To, Inna ba ta rabuwa da goro. Ba kuwa cinsa ne abin kallo ba, ajiyarsa ce. Tana da wani guntun algarara, ya tsufa har ya yi baƙi, a ciki take naɗe goronta, ta yayyafa ruwa da yatsu, ta sa a kwano, ta tura bayan randa. Safe da maraice sai ta kwance, ta juya kowane ɗaya, ta shinshina, ta mayar. Ko tana azumi ba ta fasa. Anti ta ga wannan tsumma mai laima a gidanta kwana da kwanaki, abin yana cin ranta, ga shi kuwa kunya ta hana ta tambayi surukarta. Rannan Inna na barci, sai ta ɗauko kwanon, ta wanke goron tas, ta jera shi a faranti mai kyau, ta sa a firji, algararar kuwa ta bi shara. A zuciyarta hidima ta yi.

Bayan kwana biyu goro ya yi yaushi, ya yamutse kamar fatar gwiwar hannu. Inna ta gani, ba ta ce uffan ba, don ita ma kunyar ce ta ɗaure ta. Sai dai ta daina cin goro bayan shan ruwa, ta riƙa kwana da ciwon kai.

Ita ma Inna ta yi tata. Ta buɗe firjin nan ta ga cakulan ɗin da ake ba jikarta, ta taɓa ta ji shi kamar dutse, ta ce a ranta wannan wace irin rashin imani ce, a ba yarinya alewa mai sanyin ƙanƙara, ai sai mura ta kama ta. Sai ta kwashe guda uku, ta ƙulle a gefen wani sabon zanenta na Salla, ta sa a adaka, wai in yarinya ta nema ta ba ta da ɗuminsa. Ranar da aka buɗe adakar, ba cakulan ba dalilinsa, ga zane ya ɓaci, ga tururuwa ta yi sansani.

Kafin in ci gaba, bari mu duba abin da idon basira, don kowacce cikinsu tana da gaskiya a kan kayanta. Cakulan da man koko ake yinsa, shi kuwa wannan mai yana narkewa a wajen digiri 34 na ma'aunin zafi, watau ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, wanda yake 37. Shi ya sa yake narkewa a baki. Baturen Ingila zai iya barinsa a kan kanta ya yi dariyar mai sa shi a firji, amma a ƙasar Kano, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, wanda bai sa shi a sanyi ba sai ya sha shi da cokali. Ko da yake firjin ma yana da nasa aibi. In an fito da cakulan, raɓa kan kwanta masa, ta narkar da sukarin sama, in ta bushe sai ka ga ya yi fari-fari kamar ya yi furfura. Balle in masu wuta sun ɗauke, ya narke, sun kawo, ya sake daskarewa.

Goro kuwa iri ne mai rai, laima yake so, ba jiƙewa ba, ba bushewa ba. Iskar firji busasshiya ce, tana zuƙe ruwan duk abin da aka bari a buɗe. Bayan randa fa? Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, in iska ta ɗauke shi, da zafi take tafiya, sai wurin ya yi sanyi mai laima. Da wannan hikima ce wani malami na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000. Abin da ya fi ba ni mamaki, masana tsirrai sun ce goro da koko dangi ɗaya ne, ko da yake koko daga Kudancin Amurka aka kawo shi, goro kuwa ɗan gida ne a Afirka ta Yamma. A ƙasar Yarbawa ma sau da yawa a gona ɗaya za ka same su.

Amma duk wannan daga baya na sani. A lokacin abin da na sani shi ne na sami labari mai daɗi. Da yake ni ne auta, kuma ƙanin miji abokin wasa ne, kowacce ni ta kai wa ƙara a ɓoye. Inna ta ce, "Auta, yarinyar nan me goro ya yi mata?" Anti ta ce, "Don Allah kai da ka yi boko, alewa a cikin kaya, a wannan zafi?" Maimakon in kai wa kowacce dalilin 'yar'uwarta, wanda ba zai ci mini minti biyar ba, sai na adana abin sai Salla. A majalisarmu ta Gwarzo na baje shi, ina kwaikwayon muryoyinsu, jama'a na riƙe ciki.

Magana zarar bunu ce. Kafin a sauko daga yawon Salla ta shiga gidaje, ta yi ƙiba a hanya. Abin da ya isa kunnen yayata shi ne wai matar Yaya ta zubar da kayan Inna a bola, ta ce mutanen ƙauye ƙazamai ne. Abin da ya koma Kabo kuwa, wai Inna tana yawo da zane tana nuna wa mutane irin abin da suruka ta jawo mata. Yayata ta hau mota ta je Kabo, aka yi abin da ba zan rubuta ba. Washegari Anti ta goya 'yarta ta tafi birni gidan iyayenta. Mako uku Yaya yana cin abincin kasuwa, kuma ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau.

A cikin makonnin nan ne, wani dare, na tambayi Inna abin da ya kamata in tambaya tun ina yaro. Na san dai kakana na wajen uwa ya yi fataucin goro, amma ban san zurfin abin ba. Ta ce shi bai riski zamanin ayarin Gwanja ba, lokacin da Agalawa da Tokarawa ke kwashe watanni a hanya da jakuna. A zamaninsa Shagamu ake zuwa, a ɗauro huhu da ganyen fita, a kawo Kano, shi kuma ya bi kasuwannin Getso da Gwarzo yana sayarwa. Aikinta tun tana 'yar shekara bakwai shi ne ta zauna gaban huhu tare da uwarta, su kwance, su tsince mai sankara, su sake ganye, su yayyafa ruwa. Wata shekara uwar ta kwanta ciwo, ita kuma wasa ya ɗauke ta, aka yi kwanaki ba a buɗe huhu biyu ba. Da aka buɗe, sankara ta gama da su. Kuɗin kuwa na bashi ne. Gonar da ke bakin rafi ita ta biya.

"Bai doke ni ba," in ji ta, "bai ma yi mini faɗa ba. Da ya doke ni da na manta."

Na tambaye ta algararar da aka zubar, ko ta gidansu ce. Ta yi dariya ta ce a'a, a kasuwar Gwarzo wani mai goro ya yanko mata, ba ta fi shekara huɗu ba. Ni da na riga na shirya kuka, sai na ji kunya.

Ni aka haɗa da kawunmu zuwa biko, da sharaɗin in faɗi da bakina abin da na yi a gaban mahaifin Anti. Na faɗa. Dattijon, wanda ashe tsohon ɗan tireda ne a kasuwar Singa, ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce shi abin da bai gane ba ɗaya ne, me ya sa ɗalibin jami'a, da aka kawo masa tambaya biyu masu sauƙi, bai amsa ko ɗaya ba. Kawu ya dubi ƙasa, ni ma na dubi ƙasa. Goron da muka kai kuwa, sai da ya juya shi ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce a shigar cikin gida.

Yanzu in ka je gidan Yaya a Kabo, akwai kwano a bayan randa da sabuwar algarara, Anti ce ta sayo, ita ke yayyafa ruwa in Inna ta zo, ko da yake na lura tana wanke hannu da sabulu bayan ta gama. Cakulan yana nan a firji. In jika ta kawo wa Inna nata, sai ta karɓa ta dunƙule a tafin hannu, tana jan carbi da ɗayan, sai ya yi laushi ta miƙa mata. Har yau ba wadda ta tambayi wata.

Ledar kujerun motar Yaya kuwa, da na ga mun shirya, sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalili. Ya dube ni ta madubi ya ce, "In ka sayi taka, ka cire."