Itatuwa sun dawo gonakinmu, amma ina kiriya da danya?

Lokacin sassabe ya kusa, kowa na wasa gatari da adda, shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna kan iccen da ke cikin gonar mutum ko garkarsa, wanda shi ke da iko da shi.

Mu mutanen Maraɗi da Damagaram muna da abin alfahari a wannan fanni. Bayan fari na shekarun 1970 da yunwar 1984, gonaki da yawa sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa, rairayi na binne shuka har sai an yi bini biyu ko uku. A wancan lokaci ne Tony Rinaudo, wani ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, sai su tashi su zama icce. Abin da muke kira sassaben zamani ke nan. Masu binciken da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta wajen ekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 da manoma suka raya da hannunsu.

Abin da ya sa aikin ya kama shi ne mallaka. Dokar daji ta 1974 ta kare itatuwa irin su gawo, kuka da tsamiya, ko a gonarka suke ba ka sara sai da izini. Manomi da ya ga iccen zai jawo mishi tara, sai ya gwammace ya kashe shi tun yana ƙarami. Sannu a hankali abin ya sassauta, aka yi kundin dokokin karkara a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sannan a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi kan iccen da ya raya. Mutum na kula da abin da ya san nashi ne.

To amma mu fita mu ƙidaya, ba yawan itatuwan ba, irinsu. A gonakin jigawa na Maraɗi, sabara ce, kalgo ne, taramniya ce, sai aduwa jefi-jefi. A Magarya, Matamai da Mirya kuwa gawo ne ya cika ido. Dukansu masu amfani ne. Gawo dai ba a magana: yana zubar da ganye da damina, hatsi ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe. Sai dai ina kiriya? Ina danya, kanya, ɗinya, ɗorawa, marke, faru? A garuruwa da dama sauran ƴan tsofaffi ne ke tsaye, babu ƙanana a bayansu. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya girma bai taɓa shan danya ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sassaben zamani na tayar da abin da ke da rai a ƙasa. Sabara da kalgo ko an sare su sau nawa suna tohowa. Gawo kuma dabbobi ke baza irinsa cikin kashinsu. Amma iccen da kututturensa ya mutu, ba ya dawowa sai da iri. Iri kuwa daga ina, in an kaɗe ƴaƴan kakaf an kai kasuwa? Wanda ya tsira ma, akuya na jiransa da rani. Ga kiriya, ƙarfinta ne ya zame mata masifa: da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, gawayinta maƙera ke nema, alhali girmanta sai an yi shekaru.

Kada mu yi wa mai gona rashin adalci. In rumbu ya ƙare a watan bakwai, ko yaro ya kwanta ciwo, iccen nan shi ne asusu. Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kullum suna cin itacen girki, amalanke ba ta dawowa da kaya. Wanda ya kafa garkar turare ko dogon yaro don ya sayar da sanduna shi ma lissafi ya yi, suna girma da sauri, kuɗi na shigowa da wuri. Ba wanda zai ce a daina sara. Abin tambaya shi ne wanne za a sara, yaushe, kuma me za a bari.

Domin gona mai icce iri ɗaya tana ciyar da mutum ta fuska ɗaya ne kawai. Ku tambayi iyayenmu mata, su suka fi kowa sanin asarar. Su ke neman ganyen kuka, kalwar daddawa, tsamiyar kunu, magarya da kurna da yara ke sayarwa a bakin lakkwal. A shekarar da hatsi bai yi ba, anza da jiga sun riƙe gidaje da yawa. Masu maganin gargajiya yanzu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su samu sassaƙen da a da ke bayan gari. Mai zuma na buƙatar itatuwa masu fure a lokuta daban-daban, in ba haka ba amyarsa ta zauna wayam. Shamuwar da ke zuwa mana gabanin damina a kan manyan itatuwa take sheƙa, kuma fara ce abincinta. Mujiyar da ke kwana a kogon tsohon icce ɓeraye take kamawa. Mun san tsoron janbaki ya sa wasu ke ƙin babban icce a gona, amma gatarin da aka ɗauka dominsa yana korar masu taimakonmu su ma.

Ga abin da muke ganin kowane mai gona zai iya ba tare da ya yi asara ba. Sabara da kalgo su ɗauki nauyin girki da kasuwa, tunda suna tohowa. A riƙa datse reshe, a bar gindi. Iccen da ya yi ƙaranci a gari kuwa a ɗauke shi uwa, a bar ta ta zuba iri, ko da za a ci ƴaƴan a rage mata wasu. In aka ga ɗan tsiron kanya ko danya lokacin noma, a kauce mishi da hauya, a kewaye shi da ƙaya kafin a saki dabbobi. Mai ɗibar sassaƙe kada ya zagaye gindi da ɓarewa, kashe icce ke nan. Ya ɗiba gefe ɗaya. Tsohon icce mai kogo, in ba ya barazana ga kowa, a bar ko guda ɗaya. Ranar 3 ga Agusta kuma, da ake dashen itatuwa a duk faɗin ƙasa, mu riƙa tambayar masu renon dashe kiriya, tsamiya da ɗorawa. In ana nema za su rena. Irin kiriya na da taurin ɓawo, jiƙa shi cikin ruwan zafi na sa ya tsira da wuri.

Saura abin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Gona taka ce, amma bayan girbi dabbobin kowa ke shiga, ɓarawon icce kuma da dare yake zuwa. Mutanen Ɗan Saga cikin gundumar Aguie sun yi suna ne saboda kwamitin tsaron itatuwa da suka kafa, wanda ya haɗa manoma da makiyaya, maza da mata, da ƙa'ida kan wanda aka kama yana ɓarna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makiyayin da aka zauna da shi aka yarda kan yadda zai sami ƴaƴan gawo, ba zai hau ya gundule iccen ba.

Wanda ya dasa tsamiya ya san jikokinsa za su fi shi shan kununta, haka kakanninmu suka yi mana. Kafin a shiga sassaben bana, kowa ya zagaya gonarsa ya ƙirga irin itatuwan da ke ciki. Ku faɗa mana nawa kuka samu, wane icce ne kuma ya ɓace a garinku, wataƙila wani gari na da irinsa a aiko muku. Allah ya ba mu damina mai albarka.