Kuɗin watan malamar jardan

Ranar zubin da ta wuce, malamar ƙananan yaranmu ta ce mana in wata ya ƙare za ta koma Arlit wurin yayarta. Muka yi tsit, don mun san dalili.

Tun safe take fama da ƴan shekara 4 da 5 a rumfa. Ta koya musu ƙirga, ta wanke wa wanda ya ɓata wando, ta rarrashi mai kuka. Malamin kwantaragi na lakkwal gwamnati ke biyansa, ko kuɗin ya makara yana nan a rubuce. Ita kuwa sai abin da iyaye suka tara, jika 10 in an cika, kuma wata uku ke nan ba a cika ba. A nan Assamakka, da kusan duk abinci sai mota ta kawo shi daga Arlit ko Aljeriya, me jika 10 za ta saya?

Ba mu ce iyaye sun ƙi ba. Tun da aka rufe COMINAK a 2021, gidaje da dama suka daina samun aike daga Akokan. Amma mu faɗi gaskiya, a cikinmu akwai masu kuɗin anko da ba su biya na malama ba.

Mun yanke kowace mace ta ƙara dala 20 kan zubinta na mako, a akwati dabam. Mu 30 ne, jika 12 ke nan a wata. Har yanzu ko kusa da na lakkwal bai kai ba. Malama ta ce za ta jira ƙarshen wata ta gani.