Szarvas, Garin da Ya Gyara Ƙasar Kanwa

Tsufa ya rage mini sha'awar manyan birane. Garin da ya fi tsaya mini a rai cikin Turai duka shi ne Szarvas, wani ɗan gari a Hangari, kudu maso gabashin Budapest, mai mutane wajen dubu 15. Koyon kiwon kifi ya kai ni can ina matashin malamin gona, amma abin da na fi ƙaruwa da shi tarihin ƙasar wurin ne.

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce kamar faifai, babu tudu babu dutse, sai gonakin alkama da masara iya ganinka. A ƙarni na 19 aka miƙe kogin Körös don maganin ambaliya, lanƙwasar da aka datse ta zama dogon tafki da ya rungumi garin. Kafin nan wurin ya taɓa zama kufai, bayan yaƙe-yaƙen zamanin mulkin Turkawa. Sai a 1722 mai ƙasar, Baron Harruckern, ya kawo manoma 'yan ƙabilar Slovak suka sake kafa shi.

Sun tarar da ƙasar da wani sashenta kanwa ta cinye. Da rani ta yi fari fat, ta tsattsage, garma ba ta shigarta. Da ruwa ya sauka ta zama taɓo mai danƙo, ciyawar kirki ma ba ta fitowa. Kowa ya sallama cewa haka Allah ya yi ta.

A 1767 wani limamin coci, Sámuel Tessedik, ya zo garin. Bai tsaya ga wa'azin ranar Lahadi ba. Ya nemi a ba shi fili cikin lalataccen wurin nan da ba mai so, ya sa aka haƙo ƙasa mai ruwan ɗorawa daga can ƙarƙashi, wadda ke ɗauke da farar ƙasa, aka baza ta a kan kanwar, aka gauraya. Ya shuka ciyawar alfalfa don dabbobi, ya dasa itatuwa. Manoman da ke wucewa suna gani da idonsu, kuma gani ya kori ji. A 1780 ya buɗe makaranta inda 'ya'yan talakawa, maza da mata, ke haɗa karatu da lissafi da noma da saƙa da kiwon tsutsar siliki.

Shekarun da na yi ina yawon ƙauyuka sun tabbatar mini da hikimar mutumin nan. Manomi ba ya jefa abincin iyalinsa na shekara cikin kasada don jawabin baƙo, kuma gaskiya gare shi. Na ga shirye-shirye masu kuɗi da motoci sun zo sun wuce ba su bar ko sawu ba, domin ba wanda ya fara gwada abin a gonarsa, ya ɗauki asarar idan ta zo. Wannan yana ci mini rai har yau, musamman in na ga gishiri na cin filayen noman raninmu.

Makarantar Tessedik ba ta daɗe ba. Rashin kuɗi da adawar manyan gari suka rufe ta gaba ɗaya a 1806, shi kuma ya rasu a 1820. Mai gaggawar hukunci zai ce aikin ya bi ruwa. Ni ban yarda ba. Ginin makarantar yana nan, ya zama gidan tarihi, garin kuwa ya zama cibiyar ilimin noma: akwai kwalejin aikin gona, da binciken ban-ruwa, da cibiyar binciken kifi. Har shinkafa suke nomawa a ƙasar da ƙanƙara ke rufewa da hunturu.

Mutanen Szarvas kuma ba sa saurin yar da abu. Injin niƙansu na 1836, wanda dawaki ke juyawa suna zagaye wata ƙatuwar ƙafa ta katako, ya yi aiki har 1962, kuma har yanzu ana iya tayar da shi.

Labarin da ya fi faranta mini daga baya shi ne na tarwaɗa. Kifin namu na Afirka ba ya jure sanyi, to sai suka lura cewa ruwan ɗumi na fitowa daga rijiyoyin burtsatsensu masu zurfi, suka gina masa tankuna suna cika su da ruwan. Yanzu ana kiwon tarwaɗa a Szarvas rani da hunturu, ana kai ta kasuwannin Hangari.